Gizo-gizo mai tsalle a bangon shago: har ina launi zai kai mutum wajen gane shi?

Wani malam mai shagon ɗinki a Agege ya turo hotuna uku da wannan tambaya: "A bangon shagona, kusa da ƙwan lantarki, akwai wasu ƙananan gizo-gizo da ba sa saƙa, sai dai su yi tsalle su cafke ƙuda. Ɗaya baƙi ne da farin ratsi a gadon baya, ɗaya ruwan ƙasa da fararen ɗigo biyu, na ukun ƙarami ne baƙi, yana ta kaɗa wasu fararen abubuwa a gaban bakinsa. Yarona ya sa hoton a manhajar waya, ta ce wai ɗan Amurka ne. Nau'i nawa ne waɗannan? Ana iya gane su da launi kaɗai? Suna da dafi?"

Malam, sannu da aiki. Hotuna uku ka turo, amma nau'i biyu ne a ciki. Baƙin mai farin ratsi da mai ruwan ƙasan nan miji da mata ne, masana suna kiran su Plexippus paykulli. Ƙaramin mai kaɗa fararen hannuwa kuwa namijin Hasarius adansoni ne. Babu ɗan Amurka a cikinsu. Mazan biyu na faɗi sunansu ba tare da wata-wata ba. Ita macen, abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ɗigon nan biyu da kuma ganinta a bango ɗaya da namijin. Da ita kaɗai ka turo, da a sunan dangi zan tsaya, in ce Plexippus ce, in yi shiru. Nan amsar tambayarka ta biyu take: launi yana kai mutum ga sunan balagaggen namiji a cikin 'yan nau'o'in da ke zaune a gidajenmu, amma da an koma kan mata da yara da na cikin daji sai ya fara yaudara.

Kafin a zo kan launi ma, sai an tabbatar mai tsalle ne, kuma ido ake dubawa. Idanunsa takwas ne. Biyu manya ƙwarai a tsakiyar fuska suna kallon gaba, kowannensu da ƙarami a gefensa, sai wasu biyu 'yan mitsi-mitsi a bayansu, sai biyu matsakaita can saman kai. Gaban kan a yanke yake, ba ya tsini. Tafiyarsa ma tana tona shi: ya ɗan ruga, ya tsaya cak, ya juyo gaba ɗaya ya zuba maka ido. Kafin ya daka tsalle yakan manna zare a inda yake, in ya kuskure abin da ya nufa sai ya hawo ta zaren. Wanda ake yawan rikita shi da shi shi ne mai gudu a ƙasa wanda macensa ke jan jakar ƙwai a gindinta, shi ma yana da manyan idanu biyu, amma akwai ƙanana huɗu a jere a ƙarƙashinsu. Akwai kuma shimfiɗaɗɗen nan da ke fitowa bango da dare, ƙafafu a baje gefe-gefe, da wani na kan ganye mai ƙafafu cike da dogayen ƙayoyi wanda shi ma yakan yi tsalle. Duk ba 'yan gidan masu tsalle ba ne.

Gidan masu tsallen sunansa Salticidae, kuma babu gidan gizo-gizo da ya kai shi yawa: nau'i sama da 6,000 a cikin dangi fiye da 600. Kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke riƙe da shi, ya cika nau'i 50,000 a shekarar 2022, kuma wanda ya cike adadin mai tsalle ne daga Kudancin Amurka. Launukan da ake da su kuwa nawa ne? Baƙi, fari, ruwan ƙasa, ruwan toka, ɗan ja, ɗan ƙyalli. Dole zane ya yi ta maimaituwa a tsakanin waɗanda ba su haɗa komai ba.

Abin da ya sa namiji ke da sauƙin ganewa shi ne adon nasa don mace aka yi shi, kuma macen tana gani da kyau. Yawancin gizo-gizo da girgizar zare suke sanin abin da ke faruwa, amma waɗannan da ido suke farauta, da ido suke neman aure. Namiji yakan tsaya gaban mace ya ɗaga ƙafafun gaba, ya yi ta kaɗa 'yan hannuwan da ke gefen bakinsa, yana gocewa dama da hagu. Kowane nau'i da irin rawarsa da irin zanen fuskarsa, ta haka macen ke gane nata. In kana so ka gani da idonka, ɗauki ɗan madubin da ke shagon ka kai shi gaban ƙaramin baƙin nan a hankali. Sau da yawa zai ɗauka wani namiji ne ya shigo masa, ya miƙe ya baje ƙafafu yana yi wa kansa barazana. A wannan tsayuwar ne duk alamomin fuskarsa ke bayyana.

To, ga yadda na bangon Legas suke, don uku ne za ka yi ta karo da su daga Agege har Obalende.

Plexippus paykulli shi ne babba a cikinsu, jikinsa ban da ƙafafu yakan kai milimita 9 zuwa 12, wato kusan santimita ɗaya a tef ɗinka na awo. Namijin baƙi ne, farin ratsi mai faɗi ya taso daga kai ya bi tsakiyar baya har ƙarshen ciki, sannan wani farin ratsin ya bi kowane gefe. Kusa da ƙarshen cikin akwai fararen ɗigo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. In ya juyo, za ka ga fararen ratsi sun sauko a kan baƙar fuskar. Macen ruwan ƙasa ce, wajen idanunta ya fi duhu, ratsin tsakiyarta bai kai fari ba, ya fi kama da ruwan madara mai duhu, kuma yana buɗewa a kan cikin. Abin da ta haɗa da mijinta a fili shi ne ɗigon nan biyu. Shi ne kuma ya fi son gindin fitila. 'Yan gidansu da rana suke farauta, amma wannan ya gane cewa ƙwan lantarki na tara masa ƙwari, sai ya kai dare yana aiki. Wani Bafaranshe mai suna Audouin ne ya bayyana shi a 1826 daga waɗanda aka tattaro a Masar.

Sai dai ko a nan akwai tarko. Yana da ɗan'uwa, Plexippus petersi, wanda shi ma ake samu a gidaje a Afirka da Asiya. Tsarin ratsinsu kusan ɗaya ne, sai dai namijin petersi ya fi karkata ga ruwan ƙasa maimakon baƙi wuluk. Matansu kuwa a hoton waya ba a raba su da tabbaci. Namijin da ke hotonka baƙi ne sosai, ratsinsa fari tas, shi ya sa ban yi jinkiri ba.

Hasarius adansoni ƙarami ne, namiji wajen milimita 6, mace takan kai 8. Fararen abubuwan da ka gani yana kaɗawa su ne hannuwan gefen baki, dogon farin gashi ya rufe su, a kan baƙin jiki ana hango su daga nesa. Duba hoton naka da kyau: akwai ja-ja a kewayen idanu, akwai farin zane mai siffar jinjirin wata a farkon ciki da wani a bayan kai, sannan ƙananan fararen ɗigo a ƙarshen ciki. Idan waɗannan suka haɗu a bangon gida a Legas, magana ta ƙare. Macensa ruwan ƙasa ce mai duhu, babu farin hannu, babu jinjirin wata, wanda bai sani ba zai rantse wata halitta ce daban. An ba shi sunan Michel Adanson, masanin tsirrai ɗan Faransa da ya yi shekaru yana bincike a Senegal. Wannan ɗan ƙaramin ne kuma masu bincike a Japan suka yi aiki da shi, suka nuna a 2012 cewa da koren haske yake auna nisan abin da zai cafka. Da suka sa shi a ƙarƙashin jan haske sai tsallensa ya riƙa gazawa, yana dira kafin ya kai.

Nau'i na ukun bai fito a hotunanka ba, amma ina da yaƙinin yana katangar waje, inda rana ke bugawa: Menemerus bivittatus. Ruwan toka ne mai gashi, milimita 8 zuwa 10, jikinsa a shimfiɗe ya manne da bango, kalarsa ta saje da siminti. Shi abin dubawa a jikinsa tsakiyar bayan ciki ne. Namiji duhun ratsi ne ya bi tsakiya, gefe da gefe haske. Mace akasin haka, tsakiya haske, baƙin ratsi ya bi gefe biyu ya haɗe a ƙarshe. Ita ce ake rikitawa da macen Plexippus, tunda dukansu tsakiyarsu haske ne. Ka nemi ɗigon nan biyu, in babu su, kuma jikin a shimfiɗe yake, da siririn farin layi a bakin gefen kai, to Menemerus ce. Ko hakan ma dangi ka samu, domin a Afirka akwai gomman nau'o'in Menemerus, mafi yawansu ruwan toka masu zama a bango da jikin itace.

Waɗannan ukun ba na Legas kaɗai ba ne. Sun bi kaya da jiragen ruwa sun bazu a ƙasashe masu zafi, ana samun su a Indiya da Brazil, Hasarius ma har a ɗakunan renon tsirrai na Turai. Gari mai tashar jiragen ruwa kamar Apapa ba zai rasa su ba. Wannan yaɗuwar ce ta sa aka san su ciki da waje, aka ɗauki hotunansu ba adadi, shi ya sa launi ya isa a kansu.

Matsalar mata ita ce ba sa neman a gan su. Ita ce mai ƙwai, ita ce ke tsaron jakarsu a cikin tsagar bango, tsuntsu da ƙadangare da tsaka duk suna nemanta, don haka kalar ɓuya ta fi mata amfani. Kai tela ne, ka san ranar biki in mata arba'in suka sa anko ɗaya, daga nesa ba ka cewa ga wance sai ka matso ka ga fuska. Matan nau'o'i da yawa haka suke, ruwan ƙasa da ɗan ratsi mai haske. Yara kuma, maza da mata, kamannin uwa suke ɗauka. Gizo-gizo saɓa yake yi yana girma, kuma namiji ba ya samun cikakken adonsa sai a saɓar ƙarshe. Kafin nan za ka ga mai kalar mace amma ƙarshen hannuwan bakinsa a kumbure, sumul babu wani tsari a jiki. Wannan saurayi ne da ya rage masa saɓa ɗaya. Mutane da yawa sukan ɗauke shi a matsayin wani nau'i na daban.

Shi kansa launin ba a fata yake ba, mafi yawansa a gashi ne, wasu ƙananan gashi masu faɗi da suka kwanta a jiki. Suna gogewa. Tsohon namijin da ya sha faɗa da shiga tsaga zai iya rasa rabin farin ratsinsa, kan ya koma baƙi mai sheƙi. Wanda ya fito daga saɓa yanzu fari-fari yake, sai ya bushe kalar ta zauna. Macen da ta ƙoshi ko take ɗauke da ƙwai cikinta ya kumbura, zanen ya buɗe ya yi haske, wadda ta kwana biyu ba ta ci ba cikinta ya motse, ɗigon su matso kusa da juna. Masu ƙyalli kuwa, kore ko ruwan zinariya, kalarsu daga yadda haske ke faɗa wa gashin take, in ka sa ɗaya a kwalba ka juya ta kaɗan sai koren ya koma ruwan tagulla. Fitilar kamarar waya tana ƙara dagula lissafi, ga farin ƙwan shago da ke mayar da ruwan ƙasa ruwan toka. Har manyan idanun nan, a wasu nau'o'in za ka ga suna sauyawa daga haske zuwa baƙi. Abin da ke karɓar hoto a can cikin idon ne ke motsi, lokacin da ya yi baƙi ƙirin kai yake kallo. Kada a sa kalar ido a lissafin gane nau'i.

Game da manhajar yaronka, ba laifinsa ba ne. Irin waɗannan manhajoji da hotunan da mutane suka ɗora ake koyar da su, kuma hotunan Amurka da Turai sun ninka na Afirka ta Yamma nesa ba kusa ba. Da ta ga baƙin gizo-gizo mai fararen ɗigo sai ta miƙo wanda ta fi sani, galibi dangin Phidippus na Arewacin Amurka. Su Phidippus ana gane su da muƙamuƙi mai ƙyallin kore ko shuɗi, naka ba shi da shi. Haka masu rawar nan masu launi kala-kala da ake yaɗa bidiyonsu, dangin Maratus, 'yan Ostareliya ne. A ganina tambayar farko a kullum ita ce a wace ƙasa aka ga abin, a kan me yake zaune, sannan a zo kan zane. Manhajar iNaturalist ta fi sauran amfani a nan, domin tana la'akari da wurin da aka ɗauki hoton, kuma mutane masu sani suna bi suna gyara sunan.

In ka bar bango ka shiga inda itatuwa suke, kamar gandun kiyaye halittu na Lekki ko lambunan bakin ruwa a Akoka, labari ya sauya. Akwai dangin Thyene da Hyllus a kan ganye, waɗanda matansu da yawa ke da tsinin gashi a gefen idanu kamar ƙaho. Akwai Portia, mai cin 'yan'uwansa gizo-gizo, wanda in ya tsaya sai ka ɗauka busasshen datti ne ya maƙale a yana. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Myrmarachne, mai kwaikwayon tururuwa. Ka duba bishiyar mangwaro da jar tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida suke hawa. Wani lokaci a kusa da layinsu za ka ga ɗaya tana tafiya ita kaɗai, kalarta iri ɗaya da tasu, ƙugu a tsuke, tana kaɗa abin da ya yi kama da gashin kai. Ƙirga ƙafafun: shida a ƙasa, biyun gaba ne aka ɗaga ana kaɗawa. Taɓa ganyen, sai ta sulale ta rataye da zare, abin da tururuwa ba ta yi. Namijin yana da muƙamuƙi dogaye da suka miƙe gaba. A wannan dangin launi ba ya gaya maka komai sai irin tururuwar da ake kwaikwayo, har nau'i ɗaya yakan zo da kala fiye da ɗaya.

Masana idan za su yanke hukunci, al'aura suke dubawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗakin bincike. Ta namiji tana ƙarshen hannuwan bakin nan, wani ɗan ƙulli ne mai ƙaya da lanƙwasa, da shi yake ɗaukar maniyyi ya zuba wa mace. Ta mace wani ɗan tauri ne a ƙasan ciki, kusa da ƙugu. Siffar waɗannan ba ta gogewa, ba ta sauyawa da ƙoshi ko yunwa, kuma kowane nau'i da tasa. Samfurin da ake ajiyewa a sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 kalarsa tana dusashewa da daɗewa, ja da kore su ne kan gaba wajen tafiya, don haka nau'o'in Afirka da yawa an bayyana su ne da zanen al'aura, ba da hoton mai rai ba. Wata masaniya 'yar Poland mai suna Wanda Wesołowska, ita da Anthony Russell-Smith sun fitar da aiki a kan masu tsalle na kudancin Najeriya a 2011, mafi yawan samfurin daga Ibadan, sannan ita da G. B. Edwards suka fitar da na yankin Kalaba a 2012. A duka biyun an samu nau'o'in da ba a taɓa ba wa suna ba. Saboda haka duk wanda ya kalli hoton waya na wata 'yar ruwan ƙasa daga daji ya zayyano maka cikakken suna, ka riƙe maganarsa da hannu biyu-biyu.

In yaron zai ci gaba da ɗauka, ya kifa roba mai haske a kan gizo-gizon, ya zura takarda ta ƙasa, ya fito da shi inuwar ƙofar shago da rana, ya kashe fitilar kamara. Hoto uku ake so: daga sama, daga gefe, da fuska. Ta fuskar ba ta da wuya, da kansa zai juyo ya kalli wayar. A ajiye tef ɗin awo a gefe, a auna jiki ban da ƙafafu, a rubuta unguwa da wata da abin da aka same shi a kai, bango ne ko ganye ko ƙasa. Daga nan a mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Dafi kuwa suna da shi, da shi suke kashe ƙuda da sauro, amma ba ya yi wa mutum illa. Ba sa cizo sai an matse su a fata, in ma sun ciza ɗan zafi ne da ɗan ja da ke wucewa. Ƙurajen nan masu ruwa da ake tashi da su a wuya ko fuska a ce tautau ne, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai baƙi da ruwan goro, dangin Paederus, wanda shi ma fitila ke jawowa, musamman da damina. Ba ya cizo, murje shi a fata ne ke fitar da ruwan da ke ƙona wurin bayan kwana ɗaya ko biyu. In ya sauka a jikinka ka hure shi, in an riga an murje a wanke da sabulu da ruwa nan take. Idan kuma ƙurajen sun yi layi a ɓangare ɗaya na jiki da zafi mai tsanani, mai yiwuwa ƙwayar cutar ƙaranbau ce ta farfaɗo, a je asibiti da wuri.